Wuƙaƙe huɗu sun tsage mini wajen tsomawa, ku taimake ni

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi raina a ɓace yake. Ni ba gadon ƙira na yi ba, sha'awa ce ta sa na fara, wata bakwai ke nan. Tun ina yaro nake son wuƙa mai kyau, mahaifina ma ya sha hana ni taɓa tasa. Da na samu ɗan hali na haɗa murhu a bayan gida, na samo masaba da awartaki, uwar maƙera kuwa guntun ƙarfe ne mai nauyi. To akwai yayan matata da na yi wa alkawarin wuƙa, na riga na cika baki a gaban mutane, kuma mutum ne da ba ya manta magana. Har ƙota na gama gyarawa tana ajiye. Sau huɗu ina ƙera ruwan wuƙar, in goge har ta yi kyau, da na ƙona na tsoma don ta yi tauri sai ta tsage. Biyu ina ji suka ce ƙyas a hannuna. Ta ukun lafiya lau na ajiye ta, da safe na tarar da tsaga tun daga kaifi har kusan tsakiya. Ta huɗu jiya ne. Me nake yi ba daidai ba?

Mai Awartaki:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa ka ba mu labarin yayan matarka amma ba ka faɗi wane ƙarfe ba ne, ba ka kuma faɗi cikin me kake tsomawa ba.

Sabon Hannu:
Afuwan. Uku tsofaffin magagarai ne, ɗaya sifirin ɗin mota. Ruwa nake tsomawa, na bokiti.

Injiniya:
To ai ga amsar nan ka ba kanka. Bari in yi maka bayani tun daga tushe. Idan ƙarfe mai kabon da yawa, wato sinadarin da ke sa ƙarfe ya iya yin tauri, ya yi zafi ya huce farat ɗaya, tsarin cikinsa yana juyewa zuwa wani abu mai tauri da ake kira matensait. Wannan juyewar tana zuwa da kumburi, ƙarfen yana ɗan ƙara girma. Kaifi siriri ne, shi ke fara hucewa ya taurare, gadon bayan wuƙar mai kauri yana nan da zafinsa. Can shi ma ya zo zai juye, ya kumbura, ya ja kaifin da ya riga ya zama kamar gilashi. Sai ƙyas. Shi ya sa ƙarar ba ta zuwa lokacin da ka tsoma, sai bayan 'yan daƙiƙu, don juyewar sai zafi ya sauko wajen digiri 200 a ma'aunin Celsius take farawa. Magagari mai kyau kabon ɗinsa ya kai kashi 1 cikin 100 ko ya ɗara. Sifirin kuwa yawanci ƙarfe ne mai lamba 5160 ko danginsa, akwai sinadarin kuromiyam a ciki, a mai ake tsoma shi, ba a ruwa ba. Ka samu man girki, ka ɗumama shi zuwa digiri 50, ka tsoma a ciki. Magana ta ƙare.

Baba Tsoho:
Magana ba ta ƙare ba yaro. Tun ba a haife ka ba nake tsoma ƙarfe a ruwa. Ruwa ba ya fasa wuƙa, hannu ke fasa ta. Ku yaran yanzu sai ku bar ƙarfe a wuta har ya yi ɗorawa sannan ku ce ruwa ne. Kai mai tambaya, da rana kake ƙonawa ko da duhu?

Sabon Hannu:
Da rana Baba, a fili. Amma ina lura sosai, ja yake yi kawai, ban taɓa bari ya wuce ba.

Baba Tsoho:
Jan da ka gani a tsakar rana, da a inuwa ne da ka ga ya kusa ruwan lemo. Rana na cinye hasken ƙarfe. Ka ƙona shi.

Injiniya:
A nan Baba ya yi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Zafi in ya wuce kima ƙwayoyin ƙarfen girma suke yi, wato ƙananan tsakin da suka haɗu suka yi jikinsa, kuma mai manyan ƙwayoyi ba ya jure tsomawa ko da a mai ne. Ka karya ɗaya daga cikin waɗanda suka lalace ka duba bakin karayar. In ka ga laushi kamar toka, zafinka daidai ne. In ka ga tsaki-tsaki yana ƙyalli kamar yashi, ka zarce. Sannan ka daina dogara da ido. Maganaɗisu yana daina kama ƙarfe a wajen digiri 770, kai kuma 800 zuwa 830 kake nema, wato da ya daina kamawa ka ɗan ƙara kaɗan ka cire. Amma duk da haka ruwa ba naka ba ne. Maƙeran takubban Japan a ruwa suke tsomawa, da yumɓu a shafe a gadon bayan takobin, da shekaru na koyo, kuma su ma tana tsage musu.

Ɗan Zugazugi:
Ni dai maganar ƙarfen da ba a san asalinsa ba ce ke ƙona mini rai. Bara wani ya sayar mini da ƙarfe ya rantse 1084 ne, wato lambar wani ƙarfen ƙera wuƙa. Na ɓata sati biyu, na tsoma, bai yi tauri ba, magagari na cin sa kamar sabulu. Na koma masa ya ce ni ne ban iya ba. Har yau ba ma gaisawa. Magagaran yanzu ma wasu fatar waje ce kawai mai tauri, cikin ƙarfen banza ne.

Sabon Hannu:
Nawa ba irin waɗannan ba ne, suna yin tauri sosai. Kuma mai na taɓa gwadawa, baƙin mai na mota, hayaƙi ya cika gida, wuƙar ba ta yi taurin da nake so ba. Shi ya sa na koma ruwa, ba wai ban sani ba ne.

Mai Awartaki:
Baƙin mai kauri gare shi, a hankali yake sanyaya ƙarfe, ga guba a hayaƙin. Kada ka auna man girki da shi. Amma ni ta ukun nan ce ta tsaya mini, wadda ta kwana. Bayan ka tsoma ba ka gasa ta ba, wato sake ɗumama ta don ta rage saurin karyewa?

Sabon Hannu:
Dare ya yi, na gaji. Na ce da safe.

Mai Awartaki:
Ita ce ta kashe ta. Wuƙar da aka tsoma cike take da ɗauri a cikinta, tana iya tsagewa tana kwance ba wanda ya taɓa ta. Da ta huce har ka iya riƙe ta da hannu, sai oben, digiri 200, awa biyu, ta huce, ka maimaita. Ba a kwana.

Injiniya:
Haka ne. Kuma tun da muna tonawa: kaurin kaifin nawa ne kafin ka ƙona? Ka goge haƙoran magagarin gaba ɗaya? Kowane haƙori da ka bari, kowane zurfin gurza da ya ratsa kaifi, kowace kusurwa mai tsini a wuyan wuƙa, wurin fara tsaga ne. A bar kaifi ya kai kusan milimita 1, a bi da samfefa a tsaye tare da tsawon wuƙar. Bayan ƙira kuma ka kai ta zafin da maganaɗisu ke sakin ta, ka bar ta ta huce a iska, sau uku, ƙwayoyin su koma ƙanana. Na sifirin ɗin kuwa duba cikin tsagar. In baƙi ne ko da tsatsa, tun yana jikin mota ya gaji ya tsage, kai dai ka buɗe ta ne. In fari ne tas, aikinka ne.

Sabon Hannu:
Kaifin ina fitar da shi sosai tun kafin wuta, don ba ni da injin gurza. In ta yi tauri da me zan ci milimita guda? Da hannu? Ku kuna da kayan aiki shi ya sa. Haƙoran kuma da gangan na bar su a gadon baya, ado ne, na ga mutane da yawa suna barin su.

Baba Tsoho:
Da dutse muka ci namu, ba mu mutu ba. Wani yaro da na koya wa aiki haka yake, kullum da amsa a bakinsa. Shekara biyu ya tafi ya buɗe tasa maƙerar, ko sallama. Kai dai ɗumama ruwan, ka tsoma a tsaye, ka ƙirga uku ka cire, kada ka kaɗa ta gefe da gefe.

Injiniya:
Baba in zai ƙirga uku a ruwa to ya ƙarasa a mai, kada ya mayar da ita ruwan. Amma wannan aikin gwanaye ne. Mai koyo ya sayi 1084 sananne ya huta.

Ɗan Zugazugi:
Ya saya a wurin wa? Ni ba 1084 aka ce mini ba?

Sabon Hannu:
Na gode duka. Na karya ta jiya, gaskiya akwai ɗan ƙyalli, amma ni ban ga ya kai yashi ba. Saura magagari ɗaya gare ni. Wani ya turo mini saƙo ya ce in zuba gishiri a ruwan, wai ya fi sanyaya ƙarfe daidai ko'ina. In gwada?

Injiniya:
Ruwan gishiri ya fi ruwa zalla saurin sanyayawa. Ka karanta abin da na rubuta kuwa?

Sabon Hannu:
Na karanta Injiniya. Gobe da magariba zan hura wuta, zan bar haƙoran dai.