Muhawara: In ka gaisa da dodon fim, tsoron ya tafi ke nan?

Daga zauren masoya finafinai na Jos. Abin da ya ta da zancen shi ne hoton da Sadiq, ɗan Anguwan Rogo da ke karatu a Ingila, ya turo. Ya ɗauke shi ne a wani taron masoya finafinai a Landan, tare da Robert Englund, mutumin da ya fara fitowa a matsayin Freddy Krueger, dodon fim ɗin tsoro mai suna A Nightmare on Elm Street, a 1984.

Yaya Bello: Sadiq, ina taya ka murna, amma ka yi wa kanka asara. Ku duba hoton nan da kyau. Dattijo ne mai farin gemu, yana ta fara'a. Daga yau in Freddy ya fito da faratan ƙarfen nan, dattijon nan za ka riƙa gani. Duk wanda ya gaisa da jarumin fim ɗin tsoro ido da ido, fim ɗin ya daina aiki a kansa. A nan na tsaya.

Sadiq: Yaya, wallahi ba haka ba ne. Bari in gaya maka yadda abin yake. Kuɗin shiga daban, kuɗin hoto daban, in kana son ya sa maka hannu a kan wani abu shi ma daban. Layi ya miƙe har ya lanƙwasa. Na gabana ya sa rigar sanyi mai ratsin ja da kore da hular nan ta Freddy. Wata mata kuma ta rungume tsohon kaset na bidiyo, kwalinsa duk ya cinye a gefe, tana zuwa gabansa hannunta ya kama rawa. Hoton kansa bai wuce 'yan daƙiƙu ba: ka tsaya, a haska, a kira na baya. Da dare na koma ɗaki na sake kunna fim ɗin. Da aka zo wurin da hannun ke fitowa daga ruwan wanka, sai da na tashi na kunna fitila.

Yaya Bello: Ɗokin haɗuwar ne bai sake ka ba. Mu sake magana bayan wata shida.

Malam Nuhu: Bello, ni da na yi shekaru ina riƙe da gidan kallo ba zan goyi bayanka ba. Yaran da ke cika min benci sun san komai. Sun san jinin kala ce, sun san wanda aka kashe zai fito a wani fim ɗin gobe. Amma in sautin nan ya fara hawa, sai ka ga ƙato ya matso jikin na kusa da shi. Kai kanka, da kakarka ke yi maka tatsuniya tana kwaikwayon muryar Dodo, ba ka san ita ce ba? Ita ta ba ka tuwo ɗazu. Ya hana ka ƙin fita fitsari kai kaɗai?

Yaya Bello: Malam, lokacin ina yaro ne. Babba kuwa da abin da bai sani ba ake tsorata shi. Shi ya sa masu fim ɗin kirki ke ɓoye dodon sai can ƙarshe.

Zainab: Yaya Bello, a nan ka taɓo gaskiya, amma ba gaskiyar da kake nufi ba. Mu a makarantar koyon fim ta nan Jos abin da muke yi ke nan kullum. Abin da ake ɓoyewa a cikin fim aikin kyamara ne da haske da sauti da yankan hoto. Tsoron a nan yake zaune, ba a fuskar ɗan wasan ba. Ni na san yadda ake manna robar fuska yanki yanki, na san Englund yakan shafe awanni a kujerar kwalliya kafin a fara ɗauka, kuma sau takwas ya yi rawar Freddy a fim, na ƙarshe a 2003. Sanin nan bai rage min komai ba. Girmamawa ya ƙara min. Tony Todd, wanda ya fito a matsayin dodon fim ɗin Candyman a 1992, ƙudan zuma na gaske aka zuba masa har cikin baki. Shi da bakinsa ya ce sau 23 suka harbe shi, kuma ya yi yarjejeniyar dala 1,000 kan kowane harbi. Ya rasu a Nuwamba 2024. Wanda ya samu ya gaisa da shi kafin nan, za ka ce asara ya yi?

Anti Binta: Ni damuwata daban ce. Sadiq ɗana, kuɗin fa? In ka juya shi zuwa naira, na tabbata zai yi wa gidanku cefane mai kyau a kasuwar Terminus. Mutum ya tsaya layi don ya taɓa hannun ɗan adam irinsa, raina bai kwanta da shi ba.

Sadiq: Anti, daga aikin da nake yi bayan karatu na tara, ban taɓa na gida ba. Kuma ba tabarruki na je nema ba. Godiya na je yi. Da finafinansa na koyi kallon fim da idon basira, tun muna leƙe ta tagar Malam Nuhu.

Malam Nuhu: Ina sane da ku, ƙyale ku nake yi saboda sanyin da ake yi a waje.

Zainab: Akwai kuma abin da ba mu faɗa ba. Mu a ƙasar nan matsalarmu kishiyar ta Yaya Bello ce. Ba ma iya raba ɗan wasa da rawarsa. Ku dubi Kanayo O. Kanayo, ɗan wasan finafinan Kudu. Tun 1992 da ya fito a fim ɗin tsafi, har yau ana tsokanarsa da mai yanka mutane don kuɗi, alhali mutumin ya koma ya karanta shari'a, ya zama lauya a 2020. 'Yan wasanmu na Hausa da ke fitowa a mugaye su ma sun sha faɗin yadda ake zaginsu a kasuwa da gidan biki. Da muna da irin taron nan, inda mai kallo zai zauna da ɗan wasa ya tambaye shi yadda aka yi kaza, da an rage wannan. Hukumar finafinai ta ƙasa a nan Jos hedikwatarta take, tana kuma shirya bikin finafinai na Zuma a Abuja, amma wannan ya fi karkata ga masu sana'ar. Na masu kallo zalla nake nufi.

Yaya Bello: To Zainab, ai kin kawo min hujja da kanki. In ganin Kanayo zai sa a daina tsoronsa, ganin Englund ma haka.

Zainab: A daina tsoron mutumin a kan titi, Yaya. Na cikin fim ɗin yana nan. Abu biyu ne.

Yaya Bello: A wurinki biyu ne don kin karanta. A wurina ɗaya ne. Ko da kyauta aka ba ni tikiti ba zan je ba, kuma Sadiq, don Allah kada ka turo bidiyon haɗuwar nan zauren.

Sadiq: Na riga na tura wa Zainab da Malam a gefe, Yaya. Kai ba zan turo maka ba.

Anti Binta: Ni turo min. Ina son in ga matar nan mai kaset.