Katin hasumiya ya fito mini, ga kuɗin dekin a hannu: in tura ko in dakata?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bari in faɗa tun farko, ba fatawa nake nema ba, na san hukuncin duba kuma na yi istigfari. Aikin kula da tsofaffi nake yi a Cardiff, babban birnin Wales a Birtaniya. Daren Lahadi muna hutun ƙarfe uku, wata abokiyar aikina, dattijuwa 'yar Wales, ta fito da katunan duban nan da ake kira tarot, nata masu hotunan tatsuniyar Sarki Arthur ne. Ta baza su a kife kan teburin shayi ta ce in zari ɗaya. Wallahi don kar in gwale ta na zara. Sai ga mai lamba 16, hasumiya tana rushewa, an rubuta sunan wani Vortigern a ƙasa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, me kike ginawa? Ni kuwa ban taɓa gaya mata ina gini a Kano ba.

Ginin ya kai linta. Na yi wa Yayana alkawarin tura kuɗin dekin ran Juma'a, fam dubu huɗu, tarin wata tara. Tambayata biyu: wane ne wannan Vortigern, me hoton yake nufi a labarinsu? Sannan akwai wanda ya taɓa tsayar da gini a linta, damina ta wuce a kansa bai lalace ba?

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa ki ji tsoron Allah. Hadisi ne a Sahihu Muslim, wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Da bugun ƙasa da wuri da kati duk kanwar ja ce. Ki yi istihara.

Maman Ilham:
Na gode Malam, amma ai da wannan na fara. Ba ni na je ba, ba kuma ni na tambaya ba.

Ɗan Fagge:
Hajiya da kin zari na biyu mana, wataƙila janar maket zai fito kowa ya ɗiba.

Bakatsinen Bangor:
Ni zan amsa ta farko, don na taka wurin da ƙafata. Vortigern sarkin Birtaniyawa ne a ƙarni na 5, shi ake zargi da gayyato Saksawa, wata ƙabila daga yankin Jamus ta yau, su taya shi yaƙi, suka zo suka fi ƙarfinsa. Ya gudu duwatsun arewacin Wales zai gina ganuwa, amma duk abin da magina suka ɗora da rana, kafin gari ya waye ya nutse. Bokayensa suka ce sai an samo yaron da ba shi da uba, a yanka, a yayyafa jininsa a harsashin. Aka samo yaron. Shi kuwa ya ce da bokayen, ku faɗa wa sarki abin da ke ƙarƙashin ginin in kun isa. Suka yi tsuru-tsuru. Ya ce a haƙa. Aka haƙa, sai ga tafki, cikinsa dodanni biyu, ja da fari, suna tashi suka kama faɗa. Jan shi ne mutanen ƙasar, farin shi ne Saksawa. Jan dodon da kike gani a tutar Wales kullum a Cardiff, da wannan labarin ake danganta shi.

A tsohon rubutun da aka yi wajen shekarar 830, sunan yaron Ambrosius, Emrys da yarensu. Wani marubuci, Geoffrey na Monmouth, ne wajen 1136 ya ce yaron shi ne Merlin, bokan nan na tatsuniyar Sarki Arthur. Tsaunin yana nan kusa da ƙauyen Beddgelert, Dinas Emrys ake kiransa. Masu tonon tarihi sun haƙa shi tsakanin 1954 da 1956, kuma sun tarar da gurbin ruwa a kai. Dodo dai ba a gani ba.

A katunan da aka fi sani, irin bugun 1909, tsawa ce ke faɗo wa hasumiyar daga sama, mutum biyu suna rikitowa. Da mai zanen naku ya ɗora Vortigern a gurbin, sai ya juya abin: matsalar daga ƙasa take, kuma masu ba sarki shawara ne suka rufe jahilcinsu da neman jini.

Maman Ilham:
Innalillahi. Malam filin nawa bakin kududdufi ne da, cikewa aka yi aka yanka. Shi ya sa ya yi sauƙi.

Abu Sumayya:
Kun gani ko? Haka shaiɗan yake shigowa, ya haɗa gaskiya ɗaya da ƙarya ɗari. Kai kuma Bakatsine, fassara mata kake yi, ka zama ɗan duban da kanka.

Bakatsinen Bangor:
Tarihi na ba ta, Malam, ban ce kati ya san gobe ba. Katunan nan ma asalinsu na wasa ne, a arewacin Italiya aka fara su a ƙarni na 15, kamar yadda ake buga karta. Sai ƙarshen ƙarni na 18 a Faransa wasu suka laƙaba musu duba. Kuma baƙuwar da ke kwana tana aiki a Turai, in ka ce mata me kike ginawa, ai ba ka buƙatar aljani. Cikinmu nan wa ba ya gini?

Alhajin Jidda:
Hajiya ki bar zancen kududdufi, ba ruwa ke cin gini ba, mutane ne. Ki saurare ni. Shekara shida ina tuƙi a Jidda, ina tura wa ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya. Duk wata sai hoto ya zo a WhatsApp: ga bulo, ga rodi, ga an zuba dekin, ga an yi filasta. Har launin fenti muka yi gardama a kai, ni ina son ruwan madara, shi yana cewa ruwan toka ya fi ɓoye ƙura. Na sauka ba sanarwa, na ɗauki ɗan sahu da jakata na nufi unguwar. Na ga gidan, launin tokar nan, har da ƙofar da na zaɓa. Na ƙwanƙwasa. Wata mata ta leƙo ta ce wa ake nema. Gidan maƙwabci ne. Nawa yana bayansa, layi biyar na bulo, tumfafiya ta fito a falo, an ɗaure akuya a inda na ce ɗakin Hajiyarmu.

Da aka zauna, Kawunmu ya ce in yi haƙuri, zumunci ya fi gida. Hajiya tana kuka tana cewa kar in kai ɗan'uwana hukuma. Shi kuwa ya ƙara aure, ya sayi mota. Ko haƙuri bai ba ni ba, cewa ya yi kaya ne suka yi tsada. Har yau haya nake biya. Kar ki tura ko sisi sai kin je kin sa hannunki a bango.

Maman Ilham:
Allah ya mayar maka da alheri Alhaji. Amma Yayana ba haka yake ba, shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba.

Alhajin Jidda:
Nawa ma ni na yi masa kuɗin makaranta.

Injiniya Sani:
Mu koma kan ƙasa. Cikakken kududdufi ba a ɗora masa bene da ka. Yawanci shara da leda aka cike da su, suna ruɓewa ƙasa tana zama, bango ya tsage. Ki sa a yi gwajin ƙasa kafin dekin, kuma a tone gefe ɗaya a ga zurfin harsashin da irin kankaren da aka zuba. Bara na sa an yi wa wani, wajen naira dubu ɗari shida.

Magini Ɗanlami:
Dubu ɗari shida? Haba Injiniya. Ɗari da hamsin aka yi wa maigidana. Kuma ni shekara ashirin da biyu ina gini, da diga nake gane ƙasa. In ka sara ka ji wari ka ga baƙa, shi ke nan, ka ci gaba da haƙa har ka tarar da ja.

Injiniya Sani:
Na ɗari da hamsin takarda kawai ake buga maka. Irin gane ƙasa da digar nan ne ke sa muna tono mutane a ƙarƙashin bene.

Magini Ɗanlami:
Benayen da ke rushewa duk da sa hannun injiniya a jikinsu, ranka ya daɗe. Mu dai abin da aka ba mu muke kwaɓawa.

Ɗan Fagge:
To ga jan dodo ga farin dodo sun tashi. Hajiya ki nemo Bayajidda, shi ya saba da abin da ke kwance cikin rijiya.

Anti Rabi Manchester:
Ƙanwata, nawa ya yi damina biyu a linta ba abin da ya same shi, sai rodin da ya leƙo ya ɗan yi tsatsa aka goge. Amma jinkirin ya ci ni, siminti na bar shi wani kuɗi na dawo na tarar ya kusa ninkawa. Nawa Yayan naki ya rubuta miki buhu?

Maman Ilham:
Dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar, Anti.

Magini Ɗanlami:
Goma da ɗari biyu na ɗauka shekaranjiya.

Anti Rabi Manchester:
Ni sha biyu aka rubuta mini wancan satin! Kuma ɗan'uwan mijina ne ke tsaye a kai.

Alhajin Jidda:
Kun fara gani. Akwai farashin kasuwa, akwai farashin ɗan'uwa na waje. Da sun ji lambar waya ta fara da ƙari, an ƙara.

Abu Sumayya:
Zato zunubi ne, akwai kuɗin mota da na masu saukewa.

Anti Rabi Manchester:
Malam kuɗin mota daban aka rubuta shi, layi na uku. Abin da ya fi ci mini rai ma canji ne. In na tura fam, da farashin wace rana ake lissafa mini? Sai a riƙe kuɗin sati biyu, ya tashi, a ce mini tun ranar da ya shigo aka canza.

Ɗan Fagge:
Anti ki turo ta hannuna, ni kashi biyar kawai nake cira kuma ina faɗa.

Maman Ilham:
Na kira Yaya yanzu na yi masa zancen tone gefen harsashi. Ya yi shiru, sannan ya ce wa ke zuga ni. Ya ce an riga an ba mai rodi kafin alƙalami. Injiniya, in za a yi gwajin, kwana nawa yake ɗauka?

Anti Rabi Manchester:
Wai ku da wace manhaja kuke turawa? Tawa ta sake rage mini canji yau da safe.