Shaf ɗin injina ya karye sau uku a wuri guda: waɗanda suka taɓa bin diddigin irin wannan su ba mu labari

Mai injin niƙa, Funtuwa:

Assalamu alaikum. Ina da injin niƙan hatsi da nake aiki da shi shekara tara ke nan, kuma a cikin wata biyar da suka wuce shaf ɗinsa, wato sandar ƙarfen da ke ɗauke da fuli, ya karye har sau uku, kowane karo daidai inda kaurinsa ya ragu kusa da boris. Na farko shi ne wanda ya zo da injin, ya yi shekara takwas da 'yan watanni kafin ya rabu biyu. Na ajiye ɓangare ɗaya, na kai ɗayan aka yi masa walda da wani guntun ƙarfe, bai cika kwana ashirin ba ya sake tsinkewa. Daga nan na sayi ƙarfe mai tsada aka sassaƙo mini sabo, shi ma mako bakwai kawai ya yi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ko sau ɗaya bai karye a lokacin da injin ke fama da nauyi ba, na ƙarshen ma gero kwano biyu kacal ake niƙawa. Duk wanda na gaya wa sai ya ce ƙarfen zamani ne ba shi da kyau, amma wannan amsa ba za ta hana ni asara ta huɗu ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa bin diddigin karayar wani ƙarfe har ya gano dalilinta, ya gaya mana yadda ya yi da abin da ya gani da idonsa.

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Zariya:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai, idan gutsattsarin suna hannunka kada ka sayar wa 'yan gwangwan, kada ka goge fuskar karayar, kuma kada ka riƙa haɗa ɓangarorin biyu don ka ga ko sun dace, domin gogayyar tana shafe shaidar da ake nema. Ka shafa musu mai kaɗan, ka naɗe kowanne daban a tsumma mai tsabta.

Na yi shekara talatin a sashen gyaran taragu, kuma abin da aka fara koya mana shi ne ƙarfe yana gajiya. Gatarin da ke ɗauke da ƙafafun tarago, duk juyi ɗaya sai ya ɗan lanƙwasa ya miƙe, lanƙwasawar da ido ba ya gani, kuma idan akwai wani ɗan miki a jikinsa, daga nan tsaga za ta fara cin ƙarfen a hankali. Mukan wanke shi, mu jiƙa shi da kananzir, mu goge tas, sannan mu shafa alli da aka dama mu bari ya bushe. Inda akwai tsaga, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana baƙin layi a kan farin allin. Wata rana na sami irin wannan layi, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, shugabanmu ya sa aka karya ƙarfen da gangan don mu gani. Kusan rabin fuskarsa sumul take, da layuka a jere masu lanƙwasa kamar sawun da ruwa ke bari a yashin gulbi idan yana janyewa, sauran kuma garau yake, mai ƙyalli. Wancan mai sumul ɗin tsaga ce da ta daɗe tana tafiya, garau ɗin kuwa shi ne abin da muka karya a ranar. An gaya mana cewa tun haɗarin jirgin ƙasa na kusa da Versailles a Faransa a 1842, wanda karayar irin wannan ƙarfe ta jawo, aka soma nazarin lamarin, har wani injiniyan Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana gwada ƙarafan taragu don ya san yawan juyin da suke jurewa. Saboda haka karyewar naka a kan kwano biyu na gero ba abin mamaki ba ne, ragowar ƙarfen ne ya kai ƙarshen ƙarfinsa a wannan lokacin.

Mai walda, Panteka, Kaduna:

Baba ya yi bayanin na farko, ni kuma zan yi magana a kan na biyu, domin na taɓa yin wannan kuskure da hannuna. Wani manomi ya kawo mini shaf na tarakta a tsakiyar damina, yana gaggawa, na yi masa walda mai kyau, sannan na kwara ruwa don ya huce ya ɗauka. Bayan mako biyu ya dawo da shi a karye, kuma abin da ya ba ni kunya shi ne waldar tana nan daram, ƙarfen da ke dab da ita ne ya tsinke kamar tangaran. Na ɗauki magagari na goga a nesa da wurin, ya ci ƙarfen ba wahala, na goga a gefen waldar sai ya riƙa zamewa. Kowane maƙeri ya san cewa idan aka tsoma jan ƙarfe a ruwa yakan yi tauri, to abin da na yi ke nan ba da niyya ba: ƙarfen shaf yana da kabon fiye da ƙarfen ƙofa da taga, saurin hucewa ya mai da gefen waldar mai tauri marar juriya. Yanzu idan dole ta sa, nakan fara ɗumama ƙarfen sosai, in yi amfani da sandar walda lamba 7018 wadda aka busar, maimakon 6013 da muke aikin yau da kullum da ita, sannan in binne shi a toka ya kwana. Duk da haka, a ra'ayina, shaf mai juyawa da sauri idan ya karye ya gama aiki, walda ta kai ka gida ce kawai.

Injiniyar ƙarafa, Jos:

Malam mai injin niƙa, na ukun ne ya fi jan hankalina, kuma ina da zargi a kansa tun kafin in ga hoto. Idan shaf yana juyi 1,450 a minti ɗaya, kamar yawancin motocin lantarki da ake ɗaura wa irin waɗannan injina, a awa guda ya lanƙwasa ya miƙe sau 87,000, kafin awa goma sha biyu ya haura miliyan. Mako bakwai ya isa tsaga ta ratsa shi idan ta sami mafara, kuma mafarar da ta fi yawa ita ce kusurwa mai kaifi a inda kauri ya sauya.

Na taɓa bincika shaf na wani famfon ruwa da ya karye sau biyu, masu shi sun riga sun rubuta takardar ƙorafi ga wanda ya sayar musu da ƙarfen. Muka gwada sinadaransa da taurinsa, duka suka fito daidai. Da muka duba fuskar karayar da gilashin ƙara girma, sai muka ga tsaga ta taso daga wurare da yawa a kewayen shaf ɗin, da 'yan matakai ƙanana a bakin da'irar inda tsagogin suka haɗu, yankin garau ɗin kuma ɗan ƙarami ne a can ciki. Ƙanƙantarsa ta nuna cewa nauyin aikin bai yi yawa ba, tunda ɗan ragowar ƙarfe ya ci gaba da ɗaukarsa har ƙarshe. Yawan mafarar kuma ya nuna laifin yana a siffar wurin. Wanda ya sassaƙa shi ya yanke kafaɗar, wato inda kaurin ya sauya, tsaf kamar kusurwar bulo, alhali zanen asali ya nuna lanƙwasa mai laushi. Wannan darasi an saye shi da tsada. A 1954 jiragen sama biyu samfurin Comet na Ingila sun tarwatse a sararin sama, ɗaya kusa da tsibirin Elba, ɗaya kusa da Naples, duka a Italiya, sai masu bincike a Farnborough ta Ingila suka saka gangar wani jirgin a ƙaton tankin ruwa suna ƙara matsi suna ragewa, har ta tsage daga kusurwar wata taga bayan zagaye kimanin 3,000.

Ina kuma goyon bayan malam mai walda. Dandalin haƙar mai na Alexander Kielland da ya kife a Tekun Arewa a 1980, mutum 123 suka rasu, tsagar ta faro ne daga wata 'yar walda mai milimita 6 da ke riƙe da wata ƙaramar na'ura a jikin tokaren dandalin. Ka sa farcenka a kafaɗar shaf na ukun, sannan ka gwada a na farkon, ka gaya mana ko akwai bambanci.

Mai kula da aikin gini, Sakkwato:

Hajiya Injiniya, da izininki zan ɗan saɓa, don kada a wanke ƙarfe gaba ɗaya. A wani aiki da na kula da shi, masu lanƙwasa rodi suka kawo ƙara cewa rodi mai milimita 16 yana ɓallewa a hannunsu tun kafin ya gama lanƙwasuwa. Babu gajiya a nan, babu juyi, sabon rodi ne daga kan mota. Fuskar karayar duka ƙyalli ce mai tsaba-tsaba, kuma ƙarfen bai sirance ba ko kaɗan kafin ya rabu. Muka aika samfur ɗakin gwaji, aka ce kabon ɗinsa ya zarce abin da ya kamata, wanda ga rodin gini bai wuce kusan kashi 0.25 cikin ɗari ba, kuma hakan na faruwa idan aka narkar da tarkacen ƙarafa ba tare da tantancewa ba. Mun mayar da lodin duka. Tun daga ranar, kowane lodi ya iso sai an yanko guntu an lanƙwasa a gabana kafin a sauke sauran.

Injiniyar ƙarafa, Jos:

Gaskiyarka, Malam, mugun ƙarfe yana nan. Amma ka lura kai ma fuskar karayar da sakamakon gwaji ne suka ba ka hujja, kuma naka ya nuna halinsa tun ranar farko, na Funtuwa kuwa sai da ya yi miliyoyin juyi.

Makanikin manyan motoci, Maraɗi:

Nawa gajere ne. Wata tirela da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kano ta riƙa karya notunan taya a ƙafa ɗaya, muka sauya su da masu lamba 10.9 maimakon 8.8, wato waɗanda suka fi ƙarfi, suka ci gaba da karyewa. Da na cire tayar na duba da kyau, sai na ga wani jan gari mai laushi a kewayen ramukan, ramukan kuma sun ɗan yi tsawo. Wannan gari alama ce ta ƙarfe biyu da ke gogar juna, ma'ana ɗaurin yana saki. Fenti mai kauri da tsatsa ne a fuskar da tayar ke zama, idan an ɗaure sai su murƙushe a hanya, ɗaurin ya sassauta, notin ya koma lanƙwasawa a kowane juyi. Muka kankare fuskar, muka ɗaure da sifana mai awo, muka sake dubawa bayan tafiyar farko, matsalar ta tsaya. Malam, ka duba bel ɗinka ma, domin masu injin niƙa kan ja shi fiye da kima idan yana zamewa.

Mai injin niƙa, Funtuwa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na farko da na uku suna nan, na biyun ne na riga na sayar. Hajiya, na yi gwajin farcen: a na farkon yatsa yana zamewa a kan lanƙwasa, a na ukun kuwa farce yana maƙalewa a kusurwa, har da sawun bakin wuƙar injin. Fuskarsa kamar yadda kika kwatanta take, matakai a kewaye, ɗan garau a ciki bai fi girman ƙwayar gyaɗa ba. Na farkon kuma irin na Baba ne, tsaga ɗaya daga gefe guda da layukanta a jere.

Maganar bel ta tuna mini abin da na manta ban faɗa ba. Bara na sauya motar lantarkin da wata babba, ba ta zauna daidai inda tsohuwar take ba, sai muka jawo fulin waje da kusan faɗin yatsa uku don bel ya miƙe, kuma yaron da ke aiki yakan ƙara ɗaure shi duk lokacin da ya yi ƙara. Ina ganin abin da ya kashe shaf ɗin da ya yi shekara takwas lafiya ke nan. Jiya na koma wurin mai sassaƙa da guntayen biyu a hannu, ya duba ya yarda, zai yi sabo da ragowar wancan ƙarfen, ya bar lanƙwasa a kafaɗar ya goge ta sumul. Mun kuma huda sababbin ramuka a gindin motar don fulin ya koma kusa da boris. Baba, na tanadi alli da kananzir, idan ya yi wata guda zan kwance shi in shafa, in kawo muku abin da ya fito.