Ana neman sunan kiɗan nan da yara ke sawa a kunne suna bita

'Yar Rediyo, Garwa ta Kamaru: Salamu alaikum jama'a. Gobe da hantsi zan ɗauki shirin ɗalibai, na masu shirin jarrabawar sakandare, BEPC da probatoire da bak. Baƙon ya turo bayaninsa da Faransanci, kusan kowane layi sai ya ce musique d'ambiance. Sautin nan yake nufi mai sanyi, babu waƙa babu ganga, wani zubar ruwan sama ne kawai, wani fiyano a hankali. Don Allah a taimaka mini da kalma kafin dare.

Ɗan Kusiri: Yaya ki ce ambiyans mana, wa bai san shi ba?

'Yar Rediyo: Haba ƙanena. Ambiyans a Garwa ai casu ne. In na ce wa iyaye su bar yara su yi karatu da ambiyans, kiɗan rawa irin makosa da bikutsi za su ji na ce.

Malamin Lise (sakandare), Marwa: Kiɗan natsuwa. Gajere ne, kuma ya faɗi amfaninsa. Amma ki ja kunnensu a shirin: duk abin da ke da kalmomi cikin harshen da yaro yake ji, to ya fita daga wannan layi. Kunne ba ya iya ƙin magana. Yaro na karanta tarihi, mawaƙi na zuba baiti, sai ka ga leɓensa na bin mawaƙin, ido kuwa ya tsaya a layi ɗaya. Sarewa ko gurmi ba murya, a rage ƙara har ya ji motsin takardarsa, wannan ba laifi. Wanda kuma ya fi ganewa cikin shiru a ƙyale shi.

Mai Injin Sauti: Mu a studiyo abin da muke sawa ƙarƙashin muryar mai gabatarwa shimfiɗa muke ce masa, Faransawa kuma tapis. Har wani makaɗinsu, Erik Satie, tun 1917 ya yi irinsa ya kira shi kiɗan kayan ɗaki, wai a zauna da shi kamar kujera ba a saurare shi ba. Kiɗan shimfiɗa ya zauna daidai.

Dattijon Ngaundare: Duk kun kauce. Kiɗa sai da makaɗi. Wa ya kaɗa ruwan sama? Wa ya kaɗa ƙarar fanka? Amo ne. Kuma asalin kalmar a Latin na nufin abin da ya kewaye mutum, shi ya sa wani makaɗi Baturen Ingila, Brian Eno, ya ɗauke ta ya raɗa wa irin wannan amo a 1978. Saboda haka amon kewaye. Na daɗe ina koyar da ita haka. Ke kuma 'yata, mene ne fiyano da studiyo a shirin Hausa?

Ɗan Kusiri: Allah gafarta Malam, amon kewaye fa? A gidanmu in an ce wane ya shiga kewaye, buta ake miƙa masa.

Mai Injin Sauti: Wallahi na ƙware da shayi.

Dattijon Ngaundare: Ku yi ta dariya. Abin da ya kashe Hausar ƙasar nan ke nan, rabi Fillanci rabi Faransanci, yaro ya ce zai je lekwal ya sayo kaye, wai makaranta da littafin rubutu. Ni a Zariya na yi karatu, can in aka kawo kalma nazarinta ake yi, ba a mayar da ita abin wasa.

Hajiyar Njamena: Baba a yi haƙuri, amma na gaji da wannan magana. Kullum mu ne masu gurɓatacciyar Hausa. Mutanen Kano da Zariya da ke cewa sukul da fensir da bokiti fa, daga kakanninsu suka gada? Su in sun ara daga Ingilishi ya zama Hausa, mu in mun ara daga Faransanci ko Larabcin Chadi mun ɓata harshe. Masu sauraron yarinyar nan a bakin Binuwai suke.

Dattijon Ngaundare: Ban ce kada a ara ba. Na ce in akwai ta gida a fara da ita. Amo Hausa ce tsantsa.

Malamin Lise: Amon ba shi da aibi Malam, kewayen ne matsalar. Kuma maganarka ta makaɗi tana da ƙarfi. Akwai gidajen da in uba ya ji kalmar kiɗa zai kashe rediyon tun kafin a yi bayani, alhali ruwan sama yaron ke ji.

Ɗan Kusiri: To a ce su sa karatun Alƙur'ani a huta.

Malamin Lise: A'a. Shi in ana karanta shi umarni aka yi a yi shiru a saurara, yana nan a ƙarshen Suratul A'araf. Ba a mayar da shi shimfiɗar lissafi.

Hajiyar Njamena: Sautin rakiya fa? Yana raka mai karatu, ba ya shiga gabansa. Ya ɗauki sarewa, ya ɗauki ruwan sama.

Mai Injin Sauti: Rakiyar amarya za a fara tunawa, amma ya fi kewaye.

'Yar Rediyo: Na gode, lokaci ya ƙure. A farkon shiri zan ce sautin rakiyar karatu in yi bayaninsa, daga baya in riƙa cewa sautin rakiya. Inda baƙon ke maganar kayan kiɗa zalla zan ce kiɗan natsuwa. Shimfiɗa ta zauna a studiyo.

Dattijon Ngaundare: Sauti Larabci ne, ki sani. Ki sa amon rakiya ko sau ɗaya ne, na yafe kewayen.

'Yar Rediyo: Sau ɗaya Baba, in minti ya ragu.