Neman kalmar Hausa: idan taki ya yi wa daji yawa, me za mu kira shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa, Marwa, Kusiri, har tsallaken kogi Njamena. Ina fassara wani darasin muhalli da za a karanta wa manoma da makiyaya, sai na tsaya cak a kan abin da Faransawa ke ce wa enrichissement en nutriments. Tun jiya ake ta turo min shawarwari, to ga inda muka kwana.

Abin da ake nufi shi ne: hayaƙin motoci da babura da janareto, da na bolar da ake ƙonawa, da tururin da ke tashi daga fitsari da kashin dabbobi, duk suna ɗauke da sinadarin azot, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira naitirojin. Shi ne ƙarfin buhun uriya, kashi 46 cikin ɗari na abin da ke ciki. Iska ta kwashe shi, ya sauka da ƙura ko da ruwan sama a dajin bayan gari. Ƙasar da ba wanda ya taɓa kai mata taki sai ga ta tana shan taki.

Wani malamin makaranta daga Marwa ya ce a sa "wadatar ƙasa" ko "ƙoshin ƙasa". Malam, da girmamawa, a nan na ƙi. Duk manomin da ya ji ƙoshi zai ce alhamdu lillahi, a ƙaro. Kalmar Faransancin ma wannan ne aibinta, tana ƙamshin arziki, alhali abin da aka gani a daji ba haka yake ba.

A birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, cikin hamadar Sonora inda ruwan shekara bai kai milimita 250 ba, masana na Jami'ar Jihar Arizona sun keɓe filaye a cikin gari da wajensa tun 2006, suna zuba musu azot da fosfor, wani sinadarin taki shi ma, suna kallo. Babban tsiron wannan daji, wani ɗan gajeren itace mai kauri da ake kira kiriyosot, kusan bai kula da takin ba. Waɗanda suka amsa su ne ƙananan ciyayi masu fitowa bayan ruwa su mutu cikin 'yan watanni, su ma sai a shekarar da aka samu ruwa sosai. Shekarar fari kuwa, taki na nan kwance, ba abin da ya motsa. Kuma inda aka daɗe ana zuba azot, ganye ya ƙaru amma ire-iren tsirrai sun ragu: 'yan kaɗan masu saurin girma suka danne sauran.

A hamadar Mohabe, ita ma a Amurka, inda iska ke kai hayaƙin Los Anjalis har gandun dajin Joshua Tree, abin ya fi muni. Can ciyayin da suka shigo daga wasu ƙasashe ne suka ci moriyar takin, suka cike filin da ke tsakanin itatuwa. Da can wuta ba ta samun abin bi a wannan fili, yanzu ciyawa ta bushe ta zame mata hanya, itatuwan hamada kuma ba su saba da gobara ba. Wannan ne za mu kira ƙoshi?

Wata yaya daga Njamena ta kawo "takin sama". Yaya, Allah ya saka da alheri, wannan ta shiga, sai dai na ɗan gyara zuwa "takin iska", don kada mai sauraro ya ɗauka da ruwan sama kaɗai yake zuwa. A busasshiyar ƙasa da yawansa a bushe yake sauka. Kuma ku mutanen Chadi kun fi kowa haƙƙin wannan kalma. Ƙurar kwarin Bodele, gindin tsohon babban tafkin Chadi, tana cikin ƙurar Sahara da ke tsallake tekun Atlantika. Ƙiyasin da masanan NASA suka fitar a 2015 ya ce ƙurar Sahara na kai wa dajin Amazon fosfor wajen tan 22,000 a shekara. Ashe takin iska ba kullum ne ɓarna ba. Shi ya sa kalmar ta dace da abin da ke sauka, amma ba ta faɗi halin da dajin ya shiga ba.

Wani ƙane ya yi raha ya ce ai Bahaushe ya riga ya gama magana: wuce gona da iri. Na yi dariya, amma ƙanena, wannan ta yi faɗi, har mai yawan surutu ana gaya masa ita. "Kumburin ƙasa" kuma da wani baba makiyayi ya kawo, yana tuna saniyar da ta ci ɗanyen haki ta kumbura, tana da hoto mai kyau, sai dai mai jin ta zai zaci ƙasar ce ke tasowa.

Baban nan dai shi ya ba ni hanya. Ya ce a je tsohon makwancin shanu bayan damina a duba. Tsakiyarsa kore shar, tafasa da zaƙi-banza sun kai gwiwa, sun yi cunkus, amma ka duƙa ka ƙirga iri nawa ne, ba su wuce yatsun hannu ba. Ka taka gaba kaɗan inda ƙasa ta rame, ciyawar gajera ce, amma kala-kala. Ya ce wurin ya cika ne har ya tumbatsa.

To ita na ɗauka: tumbatsar taki. Tumbatsa ba ta yabo ba ta zagi, tana nuna an wuce abin da mazubi zai iya riƙewa, kuma kowa ya san ta daga bakin kogin Binuwai da Lagon a watan Agusta. Idan a ruwa abin ya faru, kamar kududdufin bayan gari da ruwan kwata ke shiga har kainuwa ta rufe shi, wanda shi ne Faransawa ke kira eutrophisation, sai mu ce tumbatsar taki a ruwa, ba sai an ƙirƙiro wata ba.

Ga yadda jimlar za ta fita a darasin: "Takin iska da ke fitowa daga birni yana jawo tumbatsar taki a dajin da ke kewaye, ciyawa ta yi yawa, ire-irenta su ragu, gobara ta samu hanya." Baba, a karanta maka ita, idan akwai inda harshe ya yi tuntuɓe ka faɗa kafin ranar Alhamis a kai wa mai bugawa.