Musayar Waƙa: Cocin Kan Tudu a Aljiyas

Ɗan Argungu:
Salamu alaikum 'yan majalisa. Karatu ya kai ni Aljeriya, na ziyarci cocin Katolika ta Notre-Dame d'Afrique da ke Aljiyas, babban birnin ƙasar, kan tudu mai mita 124 bisa teku. An fara gininta a 1858, aka buɗe ta a 1872. Ga tsarabarku:

Da sunan Allah nike farawa,
Abin da na gano nike faɗawa,
Na hau tudu numfashi na yankewa,
Teku a ƙasana, coci a samaniya.

Ƙubbarta babba, gini na dutse,
Zanen shuɗi ya bi bango ya ratse,
Maganar da nike yi sai ta katse,
Magina sun yi aiki da gaskiya.

Ciki allunan marmara jere-jere,
Da Larabci da Faransanci a tsare,
Wanda ciwo ya saka ya warware,
Ya zo ya manna tasa godiya.

Can gaba Maryamu ce ta tagulla,
Baƙa ce, kowa ya shigo ya kalla,
Rubutun bayanta ya tuna masu salla:
A roƙa muna, da Musulmi gaba ɗaya.

'Yar Zuru:
Yaya, baitinka ya taɓa raina,
Ina karatu ƙwalla ta cika idona.
Ni Katolika ce, haka iyayena,
Rosari kullum yana hannuna.
A Zuru ganga ake kaɗa muna,
Da Hausa nike yabon Ubangijina.
Maƙwabciyata Musulma, ran sunan ɗana,
Ita ta tuƙa tuwo, ta tarbi baƙina.
Bangon da ya sa ta a addu'a, Yayana,
Ina son ganinsa cikin kwanakina.

Baba na Jega:
Ɗana, kyawun gini ban musa ba,
Amma labarin ba ka ida ba.
A 1830 Faransa ta shigo, ba a kira ta ba,
Masallacin Ketchaoua ba ta bar shi ba.
Coci ta maishe shi, masu shi ba su so ba,
Sai 1962 ya dawo, kuma ba da sauƙi ba.
Yaba ƙubba, ni ban hana ka ba,
Dattijon da ya yi shiru bai kyauta ba.

Ɗan Argungu:
Baba, gaskiyarka, ga ni na durƙusa,
Na sauka Kasba, tsohuwar unguwa, ba ta da nisa,
Na yi azahar a Ketchaoua, goshi ƙasa,
Na tuna mutanen da sunka sha wuya.

Cocin kan tudu ko, girgizar ƙasa ta 2003 ta tsaga ta,
'Yan ƙasar da Turawa sunka gyara ta,
A 2010 anka sake buɗe ta,
Na ga masu lulluɓi ciki, ba tsangwama ko ɗaya.

Da sun so, da tuni sun rushe,
Da ciwon mulkin mallaka sun rama tushe,
Sai sunka riƙe ta, ana shara ana goge-goge kullum da safe,
Wannan ya fi ƙubbar burge ni, Baba, ka jiya.

Malamin Gusau:
Baba, a gafarce ni in sa baki. Tamu ba ta kai tasu tsufa ba, amma tana da labari.

Jirgin ƙasa ya kawo baƙi garinmu,
'Yan kasuwa da ma'aikata, sun zama namu.
Fada-fada Dominikawa sun iske mu,
Daga Amurka, da farar riga cikin zafinmu.
A 1953 Roma ta yanka yankinmu,
A 1964 Sakkwato ta zama dayosis ɗinmu.
Edward Lawton ne bishop na farinmu,
Matthew Hassan Kukah ke riƙe da mu.
Cocin Uwarmu ta Fatima na Gusau tamu,
Nan anka yi baftismar iyayenmu.
Bencin da kakata ke zama a gabanmu,
Hannu ya goge shi, yana sheƙi a idonmu.
Ɗan Argungu, in ka dawo ka biyo ta wurinmu,
Da hoton rubutun nan, mu nuna wa mawaƙanmu.

Ɗan Argungu:
Malam, hoton yana wayata, na adana. In an yi hutu zan biyo ta Gusau insha Allahu. Baba, ko za ka rako ni?

Baba na Jega:
In ƙafa ta bari, ɗana, ban ƙi ba,
Gusau ɗin ma na daɗe ban leƙa ba.