Neman Shawara: Ƙanena Ya Ajiye Ganga, Yana Son Ya Zama Kuku

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a Bronx, a birnin New York. Ƙanena ya daɗe yana kaɗa ganga a wata ƙungiyar mawaƙan rok, amma yanzu ya ce ya gaji da yawon wasa gari-gari, yana son ya koma sana'ar girki. Ya roƙe ni in tsaya masa ya ci bashi domin ya shiga makarantar Culinary Institute of America da ke Hyde Park. Hajiyarmu tana ganin wannan ma wani shiririta ne, ni kuwa na san yana da hannun girki, domin duk sallah shi yake yi mana waina da miyar taushe. In sa hannu a takardar bashin ne, ko in dakata?

Wani mai aiki a gidan abinci: Wa alaikumus salam Yaya. Ki dakata tukuna, amma kada ki kashe masa gwiwa, domin akwai wanda ya bi wannan hanya a nan garin ya kai gaci. Brooks Headley ya yi shekaru yana kaɗa ganga a ƙungiyoyin Universal Order of Armageddon da Born Against kafin ya fara aiki daga ƙasa a wani gidan abincin Italiya a Washington. A hankali ya zama shugaban sashen kayan zaƙi na gidan abincin Del Posto a nan New York, ya karɓi lambar yabo ta James Beard, wadda ake ba gwanayen girki a Amurka, a 2013, sannan a 2015 ya buɗe nasa wurin, Superiority Burger, inda ba a dafa nama ko kaɗan. A gaban murhu ya gina sunansa. Saboda haka ki bar ƙanenki ya nemi aiki a kicin ɗin wani, ya yi shekara guda yana yankan albasa buhu-buhu, yana wanke tukwane bayan kowa ya tashi, yana tsaye tun rana har tsakar dare. Idan bayan haka bai sauya ra'ayi ba, makaranta ba za ta gudu ba. Makaɗi ya saba maimaita abu ɗaya har hannunsa ya ƙware, ya kuma saba aiki da jama'a cikin matsi, kuma waɗannan su ne abubuwan da muke nema a wurin sabon ma'aikaci.

Wata uwa: 'Yata, wanda ya tsaya wa mutum a kan bashi shi za a bi idan aka kasa biya. Ki auna ƙarfinki da kyau, kuma ki zaunar da Hajiya ki yi mata bayani a tsanake.

Wani ɗan uwa: Akwai batun addini da ya kamata ya sani tun yanzu. A yawancin manyan gidajen abinci na nan ana zuba giya a miya, ana sarrafa naman alade, kuma jalatin, wato sinadarin da ake sakawa a kayan zaƙi don su daskare, sau da yawa daga alade ake samunsa, alhali kuku dole ne ya ɗanɗana abin da ya dafa. Ya fara neman aiki a gidajen abincin halal ko waɗanda ba sa dafa nama, sannan ya yi kwas ɗin tsaftar abinci na hukumar lafiya ta birnin New York, wanda ake iya yi ta intanet, domin shaidarsa za ta taimaka masa wajen samun aiki.